Gida na Ashirin a Kalate-Anjir

Zuwa ga Gwaggo Zarrin a Mashhad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da Kawu Nosrat da yara. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma ƙalau muke. Baba ya gama tsinkar furen zafaran a gona, kakata Bibi kuma gwiwarta ta yi sauƙi.

Gwaggo, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun ranar da kika ce in dawo wurinki in ci gaba da makaranta, na haɗa kayana a jaka na ɓoye a ƙarƙashin barguna. Amma duk sanda na ga ƙawata Samane sai tausayinta ya kama ni, don ita ba ta da kowa a birni, kuma kin san karatu a nan daga aji shida ya ƙare.

To ga labari mai daɗi! Makon jiya wani ma'aikaci ya zo daga birnin Birjand, duk ƙura ta rufe shi. Ya ce sau biyu yana wuce mu, don ba wanda zai zaci akwai mutane a bayan jan dutsen nan. Ya ce duk ƙauyen da ya kai gida ashirin za a riƙa turo masa mota kullum ta kai 'yan mata makarantar cikin gari. Aka tsaya a bakin ruwa ana lissafi, aka juya aka sake, gidajenmu goma sha tara ne. Mash Rajab mai jaki ya ce a sa shi gida biyu, tunda shi da jakinsa sun shekara ba sa ga maciji. Matarsa ta ce in haka ne a sa jakin a matsayin mai gida, ya fi shi fita aiki. Har ma'aikacin sai da ya ƙware da shayi don dariya. Amma ya ce ba wasa, gida shi ne inda ake kwana ake kunna tanderu, kuma zai dawo bayan sanyi ya gani da idonsa.

Da muka koma, Bibi ta hau faɗa. Wai ita ba ta mutu ba, gidanta na kan tudu da ta bari ta dawo wurinmu ma bai mutu ba, yaya za a tsallake shi kamar kabari? Baba ya ce mata, haba tsohuwa, wa zai kwaɓa miki ƙullu, wa zai ɗebo miki ruwa? Ta ce da ta haifi ɗa mai amfani ai da bai yi wannan tambayar ba. Ni dai ina gefe ina tsince shinkafa, kunnena na wurinsu.

Washegari na hau tudun ni kaɗai. Gwaggo, gidan da kika girma yana nan! Rumman ɗin tsakar gida bai bushe ba, tanderun ma tsagewa ɗaya kawai ya yi, Samane ta taya ni muka liƙe da laka. Gurasar farko ta ƙone ƙurmus, Bibi ta ce ko jakin Mash Rajab ba zai ci ba, amma ta cinye rabi.

Don Allah kada ranki ya ɓaci, na san kin gyara mini ɗaki. Ki gaida Kawu Nosrat, da Behnaz, da ƙaramin Yadollah. Baba da Mama da Bibi suna gaishe ku.

Jakar nan na fito da ita ɗazu. Na kai ta gidan Bibi, na jera kayana a taga, don can zan zauna tare da ita. Idan kin zo hutun sabuwar shekara, ki nufi inda hayaƙi ke tashi a kan tudu.

'Yarki mai kewarki,
Golnesa