Ni Na Danna, Ƙanin Mijina Ake Nema Da Adda

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Allah ya saka miki da alherin wannan zaure da kika buɗe mana. Don girman Allah a ɓoye lambata, sunayen da zan ambata kuma duk na canza su. Wanda bakinsa ke ƙaiƙayin zagi ya daure ya kai ƙarshe tukuna, in ya ga zagin ya dace ba zan ce masa kanzil ba, don na riga shi zagin kaina.

Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. A sakandare karatuna ya tsaya, amma tun ina makaranta ina son rubutu. Maigidana, Abban Hanifa, shi ne sakataren ƙungiyar manoman rani da suke shan ruwan kanal ɗaya. Mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, sai dai zuciya gare shi, idan ta tashi ba ya ganin gabansa. Bara ƙungiya ta yanke a buɗe shafin intanet don dillalan tumatir da masu sayen shinkafa su riƙa ganin abin da ake da shi, a haɗa da bulog inda za a riƙa sa ranakun sakin ruwa da labarin yashe kanal. Aka ɗora aikin a kan maigidana da ƙaninsa Nura, wanda ya gama difloma a Kano. Nura ya zo da manhaja biyu ya ce a zaɓa. Ta farko kyauta ce, da imel ɗaya ake buɗe ta, ka rubuta kamar kana tura saƙo, ka danna, shi ke nan duniya ta gani. Ta biyun ana biyan haya duk shekara, kowa da tasa ƙofar shiga, kuma duk abin da ka rubuta ba ya fita sai mai tacewa ya karanta ya amince, sannan tana ajiye sunan wanda ya rubuta. Na ji shi a tsakar gida yana ce wa yayansa ta farkon kamar kanal ce da babu ƙofa, kowa ya ga dama ya saki ruwa, ta biyun kuwa da ƙofa da mai gadi. Shi ta biyun yake so, shi ne kuma zai zama mai tacewar.

Abban Hanifa ba ya son danne-dannen waya, duk wani rubutu na ƙungiya shi yake faɗa ni nake rubutawa, ba wanda ya sani. Sai ya miƙo min wayarsa ya ce in gwada duka biyun in gaya masa wadda ta fi. Wallahi duka sun buɗe, ta biyun ma har ta fi tsari, akwai wajen farashi daban, wajen hotuna daban. Amma kun san wasan ƙanin miji. Nura ba ya ganina bai tsokane ni ba, "matarmu malamar tsakar gida", ya taɓa karanta wani saƙona a gaban dangi da muryar 'yan labarai har aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma na kwana da abin a raina. Da na tuna duk layin da zan rubuta sai ya bi ta hannunsa, ya gane ni ce ba yayansa ba, ya gyara min, sai kunya ta rufe ni. Da maigida ya dawo daga gona na ce masa ta biyun ba ta buɗewa da sabis ɗin garinmu, ga shan data kamar rairayi. Kunya ce kawai fa. Ba ƙiyayya, ba komai. Wa zai ce ƙaryar da ba ta kai tsawon yatsa ba za ta zubar da jini?

A wajen taro maigidana ya maimaita abin da na faɗa, Nura ya ce ba gaskiya ba ne, a ba shi wayar ya nuna. Maigida ya ce ai matarsa ce ta gwada masa, wato maƙaryaciya ce? Nura ya bar maganar, don ba zai ƙaryata matar yayansa a gaban mutane ba. Dattawa ma dama ta farkon ta fi kwanta musu, sun ce ba a taɓa yi ba yaro ya zauna yana tace maganar manya. Aka ɗauki ta kyautar. Kuma a nan garin al'ada ce, mabuɗin ƙofar ruwa kowane mai unguwa yana da nasa, hana dattijo mabuɗi cin fuska ne. Haka aka yi da kalmar sirrin shafin, aka bi dattawa ɗaya bayan ɗaya aka ba su, su kuma suka ba 'ya'yansu su riƙe musu. Nura ya ce ba ruwansa, ya cire hannunsa.

Watanni aka yi lafiya lau. Ina sa farashin kwandon tumatir, ina sa ranar ruwa, har dillalai na kira daga nesa. Ina jin daɗi a ɓoye in na ji maza a ƙofar gida suna cewa sakatare ya iya tsara magana.

Sai ranar wata Juma'a da hantsi, mahaifiyata ta shigo tana kuka. Tun rasuwar babanmu ɗan filin tumatir ɗinta ne abin dogaronta, kuma a wutsiyar kanal yake, inda ruwa ke isa a ƙarshe. Ta ce ruwa bai zo ba a zagayen da ya wuce, bai zo ba a wannan, furen duk yana zubewa. Ta ce an ce Malam Idi na ƙauyen sama ne ya jera buhunan yashi ya karkatar da ruwan zuwa gonarsa. "An ce" ta ce, na ji da kunnena. Amma ganin tsohuwa tana share hawaye da bakin mayafi ya sa idona ya rufe. Wayar maigida tana ɗaki tana caji, ya tafi gona. Na ɗauka na rubuta. Na sa sunan Malam Idi, na sa sunan ƙauyensu, na ce ɓarawon ruwa ya fi ɓarawon akuya zalunci, na ce har yaushe mazan wutsiya za su zauna ana shanye musu jini. Na danna. Babu wanda ya tsaya tsakanin yatsana da duniya, ni na cire mai tsayawar da hannuna. Na ɗora sanwa, zuciyata ta ɗan huce, na ce bari in goge. Na goge, amma ashe an riga an ɗauki hotonsa yana yawo a guruf-guruf.

Ana sakkowa daga masallaci na ji ƙarar mashina kamar ana rakiyar amarya. Na leƙa ta zaure na ga samarinmu uku-uku a kan mashin, da gora, da adda, da ƙotar fartanya. Ƙauyen sama suka nufa. Sun sami Malam Idi a bakin kanal ya tsuguna yana alwalar la'asar, tsoho ne fa, mai furfura, wanda in ya wuce ta ƙofarmu da rake sai ya gutsura wa Hanifa. Ba su tambaye shi komai ba. Na farko ya sauke masa gora a ƙeya ya kifa, ya ɗaga hannu yana kare kansa suka karya hannun wuri biyu, ƙashi ya fito waje. Wani ya sa ƙotar fartanya ya fasa masa ido. Suka tura shi cikin ruwan, maƙwabciyata da gonarsu ke kusa ta ce ruwan da ya gangaro wajensu ja ne, ta ce yana ta kiran sunan Allah yana cewa me na yi muku, 'ya'yana. Da aka tsamo shi aka tafi da shi asibiti, sai masu dukan suka bi kanal suna neman buhunan su farfasa. Babu buhu ko ɗaya. Ciyawar kachala ce ta cika wajen, da laka, da wani reshen bishiya da ya gicciye a bakin kwalbati. Wannan ne ya tare ruwan mahaifiyata.

Washegari mutanen sama suka sauko ramuwa. Suka cinna wa injinan ban ruwa wuta, suka daddatse tiyo, suka sari wani ɗan ƙwadago a kafaɗa wanda ko karatu bai iya ba balle ya san me aka rubuta. Suka bi gonakin wutsiya da adda, har da na mahaifiyata, tumatir ɗin da na ce ina karewa ko tushe ɗaya ba su bari a tsaye ba. Sai da jami'an tsaro suka zo aka lafa.

Daga nan tambaya ta koma ɗaya: wa ya rubuta? Manhajar ba ta san kowa ba, suna ɗaya ne a jikinta, na ƙungiya, kuma mabuɗin yana hannun rabin gari. Kowane dattijo ya ce ɗansa ba zai yi ba. Sai wani ya ce ai akwai wanda ya iya tsara magana haka, kuma aka ƙi shawararsa a bainar jama'a, ya yi ne don ya nuna gaskiyarsa. Kafin magariba sunan Nura ya zaga ƙauyukan biyu. Abban Hanifa ya shigo idonsa jawur, ya tarar da Nura a tsakar gida yana cin tuwon da na zuba masa. Ya fizgi bel ɗin inji da ke rataye, ya fara zabga masa. Nura yana cewa Yaya ka tsaya ka ji, shi yana cewa ka zubar min da mutunci, ka sa an nakasa uban wasu don manhajarka. Da bel ɗin ya kuɓuce ya ɗauki guntun bututun ƙarfe. Na ji ƙarar sa'ad da ya sauka a kansa. Jini ya fantsama har cikin kwanon tuwon, yarana suna ihu sun rirriƙe zanina, ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da shi, "ni ce". Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne "ka yi haƙuri". Wace irin mace ce ni? Da wane baki nake karanta Alƙur'ani da asuba?

Yanzu Nura yana kwance a ɗakin zaure da ɗinki a ka, ba ya iya fita, don 'ya'yan Malam Idi suna wucewa ta ƙofarmu a mashin suna jan adda a ƙasa tana tartsatsi. Babbansu ya rantse a kasuwar Bunkure cewa hannu da hannu, ido da ido. Ni nake gasa wa Nura raunin da ruwan ɗumi, ni nake dama masa kunu. Shekaranjiya na kai masa, na juya zan fita ya kira ni, ba da "matarmu" ba, ya ce, "Maman Hanifa, ranar Juma'a da hantsi wayar Yaya a gida take zama tana caji, ko ba haka ba?" Na juyo. Ya ce tun ranar da aka ce manhajar ba ta buɗewa ya san daga inda maganar ta fito, don shi da kansa ya buɗe ta a wannan tsakar gidan. Na durƙusa ina kuka na ce zan faɗa. Ya ce, "Ki faɗa wa wa? Kin ga abin da ya yi min, ni da muka sha nono ɗaya. Kuma in suka ji ke ce, gidan mahaifiyarki za su fara zuwa." Har ya yi ɗan murmushi ya ce rubutun dai ya tsaru, da ta hannunsa ya bi da ya yaba, sannan ya ƙi sakinsa.

Ranar Asabar mai zuwa za a yi zaman sulhu a ƙofar dagaci. An ce za a ba Nura Alƙur'ani ya rantse cewa ba shi ya rubuta ba kuma bai san wanda ya rubuta ba. Rabin farko zai iya, rabin ƙarshe ba zai iya ba, ya ce ba zai dafa Littafin Allah a kan ƙarya ba, kuma ba zai ambace ni ba. A nan garin wanda ya ƙi rantsuwa ya amsa laifi ke nan. Za a miƙa shi ga hukuma ko a kore shi daga garin, in ma 'ya'yan Malam Idi sun bari ya kai titi. Malam Idi kuma yana asibiti da ido ɗaya, an ce har yanzu tambaya yake wa ya yi masa wannan sharri, yana so ya sani kafin ya yafe.

Jiya bayan sallar isha'i Abban Hanifa ya zo ya zauna a bakin gado. Sannan ya ce dattawa sun yarda a koma manhaja ta biyu, mai ƙofa. Ya miƙo min wayar ya ce, "Ke kaɗai na yarda da ke a gidan nan. Sake gwada min ita, ko sabis ɗin ya gyaru." Na danna, ta buɗe nan take, kamar yadda ta buɗe bara.

Na yi istigfari har harshena ya gaji, amma na san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari. In na yi shiru, ranar Asabar yaron da ya rufa min asiri da kansa a fashe zai ɗauki kayana. In na yi magana, ban san abin da bututun nan zai yi min ba, ban san wa zai riƙe min yarana ba, ban san ko gidan mahaifiyata zai kwana a tsaye ba. Na fara gaya wa maigida mu biyu? Na je wajen liman ya shige min gaba? Ko na sa hijabina na tafi asibiti na durƙusa gaban tsohon nan tukuna? Asabar ta matso, 'yan uwa. Don Allah ku gaya min, me zan yi?