Na Shiga Ƙungiyar Masu Babur Saboda Angonki

Zuwa ga Kulu, uwar gidana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa. A ajin yamma an koya mana a ce ana fatan mai karɓar wasiƙa yana cikin ƙoshin lafiya, amma ke sai dai in ce ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ni zan karanta miki, ki riƙa katse ni kina cewa in daina jan murya kamar mai labaru a rediyo. To amma murna ta cika mini ciki, kuma ba wanda ya cancanci jin ta sai ke.

Gida lafiya. Luba abokiyar zamanki na nan tana kula da ni, ta hana ni gishiri, ta hana ni goro, saura numfashi. Akuyarki ta haifi biyu. Dalbejiyar ƙofar gida ta yi girma har Malam Sanda maƙwabci ya fara cewa inuwar ta fi faɗawa wajensa, don haka tasa ce.

Labarin da ya sa na ɗauki biro na Sirajo ne, jikanmu, angonki. Yaron da aka kawo miki yaye kika ƙi mayarwa, kina cewa kin yi sabon miji, ni tsohon in nemi inda zan nufa. Yanzu sufeton 'yan sanda ne, yana zaune a Arkilla da matarsa Nana. Lokacin da kika rasu yana wajen kwas a Kudu, kafin ya iso an kai ki makwanci. Ya zo ya tsaya a ƙofar gida, ya karɓi gaisuwa tare da mu, amma bai taka zaure ba. Kulu, tun daga ranar bai ƙara zuwa unguwarmu Ƙofar Atiku ba. Yana aiko da shinkafa, yana bugo waya, kullum aiki ya yi yawa. Ni shinkafa nake so? Na ji tsoron in bi ki yaron nan bai sake shigowa gidan da ya girma ba.

Nana ce ta tsegunta mini cewa ranar Asabar ba aiki yake zuwa ba. Wai jami'an tsaro sun kafa ƙungiyar hawan babur don shaƙatawa, 'yan sanda da kwastan da gandurobobi da masu kula da hanya, su sa rigunan fata baƙaƙe su fita bayan gari a kan wasu babura masu gurnani. Rigar fata, a zafin Sakkwato! Na tambaye ta ko suna karɓar wanda ya yi ritaya, ta ce ta ji ana karɓa. To ni ba tsohon ganduroba ba ne? Nan take na sa aka fito da Besfata, tsohon babur ɗin nan nawa, daga ɗakin kaji. Bakanike ya dube ta ya ce ya yi zaton irinta sun ƙare tun yana goye, ya canza fulogi, ta tashi da tari kamar ni da asuba.

Ranar Asabar na sa babbar rigata shuɗiya, na ɗora hular kwano a kan hulata, na nufi filin da suke taruwa. Da Sirajo ya hango ni sai da ya dafe kai. Ya jawo ni gefe yana raɗa, wai Baba don girman Allah in koma gida, zai zo da kansa gobe. Na ce masa wannan goben na daɗe da saninta, kuma ni ba wajensa na zo ba, wajen shugaba na zo, ya matsa mini, ɓarawon mata kawai.

Shugaban nasu wani babban ɗan sanda ne mutumin Zuru, Oga Danladi, mai tumbi da fara'a. Ya tambayi shekarar da na sa kaki. Da na faɗa, ya ce a shekarar ko auren iyayensa ba a ɗaura ba, ya ƙame ya sara mini, duk suka sara. Kulu, da kin ga yadda ƙirjina ya buɗe! Rabon da a sara mini tun ranar da aka sallame ni da agogon bango.

Daga nan gardama ta tashi. A dokarsu sabon shiga a baya yake tafiya. Amma masu kaki ba su iya barin wanda ya riga su shiga aiki yana shaƙar hayaƙinsu. Wani kwastan ya ce doka doka ce, wani ganduroba ya ce shi dai ba zai ba ubansa a aiki baya ba. Oga Danladi ya yanke hukunci a sa ni gaba. Ya bayyana mini cewa su biyu-biyu suke tafiya, kuma duk wanda ya wuce na gaba an kore shi daga ƙungiya. Ya ce in kai su hanyar Kware, a ci kifi a bakin ruwa a dawo.

Kin san tafiyata a kan babur. Ke da kanki kin taɓa sauka kika ce za ki riga ni isa da ƙafa. Muka hau titi, ni a gaba rigata na kaɗawa, su a baya babura na kuka suna neman a sake su. Mai kurar ruwa ya wuce mu. Wata tsohuwa da tallan ƙosai ta jera da mu har ta yi ciniki da na bayana.

Sannan ga gaisuwa. Yaya za a yi dattijo kamata ya wuce majalisar tsofaffi bai tsaya ba? Na tsaya wajen su Alhaji Garba mai yadi, aka yi ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya zafi, ya jikin Luba, aka yi wa waɗanda suka riga mu addu'a, har da ke. Duk rundunar na tsaye a rana cikin rigar fata, gumi na zuba cikin takalma. Muka ɗan gusa, sai ga majalisar masu hatsi. Ita ma tana da haƙƙi. A ta uku na waiga na ga Oga Danladi ya zuge rigarsa yana fifita da safar hannu, Sirajo kuwa ya rufe gilashin hularsa don kada a gane jikan wa ne.

Ba ta hanyar Kware na bi ba, cikin gari na karkata. Da muka kusa Hubbare na yi abin da na saba tun ina saurayi, na kashe inji na sauka na tura, don ban iya wuce wurin nan da hayaniya. Ban ce kowa ya yi koyi da ni ba. Amma ba a wuce na gaba. Sai ga manyan jami'ai sun sauka suna tura babura masu nauyin saniya, suna nishi, masu ziyara sun tsaya suna kallo. Wani baƙo ya ɗaga hannu yana sa musu albarka, wai bai taɓa ganin hukuma mai ladabi irin wannan ba.

Daga can na miƙe sai unguwarmu. Na gaya wa Oga Danladi ba a fita da baƙi bayan gari ba su sha ruwan gidan mutum ba. Kai kawai ya ɗaga, ƙishi ya gama da shi.

Abin da ban hango ba shi ne yadda Ƙofar Atiku za ta karɓe mu. 'Yan kabu-kabun bakin layi na ganin ayarin suka watse kamar an jefa dutse cikin tantabaru. Mai shayi ya bar buta a wuta. Malam Sanda ya fito hannu sama, ba wanda ya tambaye shi komai, yana rantsuwa cewa takardun mashin ɗinsa suna wajen ƙanensa, kuma inuwar dalbejiya tawa ce, shi bai taɓa cewa tasa ba ce. Na sa Oga Danladi ya zama shaida.

Kowa ya sauka ya zube a inuwa, ban da mutum ɗaya. Sirajo na zaune a kan babur, inji na aiki, fuska a rufe. In ya juya yanzu, da wace dabara zan sake jawo shi? Oga Danladi ya dube shi, ya dube ni. Ban san abin da ya karanta a fuskata ba. Sai ya daka tsawa irin ta fareti, wai Sufeto, kai ne ɗan gida, manya na jin ƙishi kana zaune, shiga ka kawo ruwa. Umarnin oga ne. Ya kashe inji, ya shiga.

Randa na nan inda kika bar ta, a bakin ɗakinki. Muka jira ruwa shiru. Na bi shi. Na same shi zaune a dokin ƙofarki, moɗa a hannu, hular kwano a kai, gilashin ya yi hazo, kafaɗunsa na rawa. Na ƙwanƙwasa hular na yi sallama, na tambaya ko maigidan na ciki. Dariya ta kama shi a tsakiyar kuka har ya shaƙe. Da ya cire ta ya ce mini ba aiki ba ne. Ya kasa shigowa ne ya ji ba wadda za ta ce angona ya dawo, kuma yana ganin ya yi miki laifi da bai ɗauki makararki ba. Na ce masa ke ba ki taɓa riƙe shi da laifi ba ko lokacin da ya fasa miki kwalla, balle wannan da ba shi ya tsara ba. Na zauna kusa da shi. Ni ma hazon ya same ni, ga shi ba ni da gilashin da zan rufe.

Kware dai ba a je ba. Luba ta dama fura, suka sha har suka kankare ƙwarya. Kafin su tashi suka yi taron gaggawa, aka ba ni muƙamin uban ƙungiya, aka kuma yi sabuwar doka cewa uba a baya yake tafiya don ya riƙa duba 'ya'yansa. Na gane nufinsu, na karɓa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk faɗan da nake yi cewa kin fi son yaron nan da ni, daɗi nake ji in na ga kuna tsokanar juna. Kuma ban taɓa yi miki godiya ba da kika matsa mini na shiga ajin yamma da furfurata, kina cewa ba ki auri mai dangwala yatsa ba. Na gode, Kulu. Kin ga amfaninsa yau.

Yanzu da nake rubutun nan bayan azahar ne. Yau angonki ya zo da kansa, ba ayari, ba umarni, ya ci tuwo ya nemi ƙari. Yana kwance a kan tabarmarki yana minshari, takalmansa a bakin ƙofa. Ƙaton babur ɗinsa ya toshe zaure, ban san ta inda zan bi in je la'asar ba, kuma wallahi ba zan tashe shi ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a inda ba rabuwa. Sai na iso.

Ni ne tsohon mijinki,
Malami Ganduroba, Ƙofar Atiku