Jakar Dogo

Litinin, 2 ga Yuni

Yau sun karɓe Dogo. Dogon gilashin kyamarar nan da ke jawo mai tsaron raga daga can ƙarshen fili ya ajiye min shi a gaban hanci. Na jarida ne, na sani, amma kafaɗar wa ta karkace saboda shi? Edita ko kujera bai nuna min ba. Wai, "Baba, hotunanka sun fara rawa." Na ce masa iska ce. An mayar da ni ɗakin tsofaffin hotuna, ni da wata fanka mai kuka. Dogo kuma an ba Sabuwa, yarinyar da suka ɗauka bana, wadda ko 'yata ta biyu ta girme ta.

Ya ce in haɗa da jakar. Nan na taka burki. Jakar ba tasu ba ce. Uwar yara ce ta ɗinka ta a kekenta da tsohuwar rigar ruwata, ta shimfiɗa soso a ciki, ta yi ta gwadawa a jikin Dogo kamar mai ɗinka wa jariri. Na zare musu kayansu tsirara na ajiye a tebur.

Talata, 3 ga Yuni

Ban gaya wa uwar yara ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Na je fili. Katin shiga dai ba su karɓe ba, sun manta ko sun ji kunya. Matsalar ita ce jaka in babu komai a ciki sai ta langaɓe, kowa ya gane. Na duba ɗakin girki, sai ga babban filas ɗin shayi: tsawo ɗaya, kauri kusan ɗaya. Na zura shi na ja igiya. Wallahi ni kaina da na rataya sai da na ji sanyi a rai.

Bayan raga duk 'yan sana'a suna nan. Mai Hula, wanda muka tsufa tare a bencin nan kuma bai taɓa yi min fatan alheri ba, ya dubi Dogo a hannun Sabuwa, ya dubi jakata. "To kai me ka ɗauko?" Bakina ya riga ni: "Nawa na kaina. Ya fi wancan." Ya ce in fito da shi su sa albarka. Na ce ba a buɗe shi a ƙaramin wasa.

Na wuni ina ɗaukar 'yan kallo da ƙaramar kyamara.

Laraba, 11 ga Yuni

Sabuwa ta leƙo ɗakina. Da ladabinta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. "Baba, don Allah ina ake samun irin jakarka? Na zaga shaguna, duk gajeru ne, kansa a waje yake." Na ce ta ci gaba da zagawa.

A tawul take naɗe shi. Tawul. Na ji shi ya bugi ƙofa da za ta fita, har cikin haƙorina na ji.

Asabar, 14 ga Yuni

Filas ya yi nauyi yau. Na buɗe a bayan gida na fili, ashe cike yake da shayi, da zafinsa. Ni ban zuba ba.

Da na dawo uwar yara tana kan keke, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malam, sukarin ya ji?" Na ce ya ji. Shi ke nan hirar. Na fi son ta yi min faɗa.

Alhamis, 19 ga Yuni

Hoton da Sabuwa ta ɗauka a shafin farko. Ƙwallo a saman kai, gumi yana tashi. Ai Dogo ne ya yi aikin, ko makaho ka ba... To, ta iya tsayuwa, wannan kam. Ban ce mata komai ba, ba kuma zan ce ba.

Mai Hula ya aiko a tuna min: jibi babban wasa ne, za su ga sabon kaya.

Asabar, 21 ga Yuni

Da na zauna a gida. Har na ce ciwon baya, sai na ga an ajiye jakar a bakin ƙofa, an cika filas.

Tun kafin a fara su Mai Hula suke tsokanata. Na ce sai an dawo hutun rabin lokaci. Ban san me zan ce ba in an dawo ɗin. Sai hadari ya taso ta bayan allon maki, kafin a ce wani abu ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya tura kayansa a jaka. Sabuwa kuwa tawul ya jiƙe sharkaf, ta rufa da mayafi, shi ma ya jiƙe, ta duƙa a kan Dogo tana kare shi da bayanta. Rumfa tana can nesa. Ina kallon ruwa yana bin wuyansa, daidai inda robar ta saki, wurin da ni kaɗai na sani. In ya shiga nan, an gama.

Na ce a raina, ya shiga mana, su gani.

Ban san lokacin da na kwance igiyar ba. Na zaro filas a gaban kowa na dangwarar a ciyawa. Na ce mata, "Kawo shi, kansa ta ƙasa." Ya shige kamar bai taɓa fita ba.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi min sauƙi. Mai Hula ya daɗe yana kallon filas ɗin, ruwa na zuba daga hularsa, sannan ya ce, "Da shayi a ciki?" Shi ya fara sha, munafuki.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ban fita ba. Waya tana ta ƙara, na kife ta.

Litinin, 23 ga Yuni

Sabuwa ta kawo jakar, ta shanya ta, ta ninke. Na ce wa ya ce a ninke, soso zai karye. Na ce ta riƙe har ruwan damina ya ɗauke, aro ne, kada ta ɗauka kyauta ce. Na nuna mata robar wuyan, da yadda ake ɗaure igiya sau biyu. Ta ce ko zan zauna kusa da ita ranar Asabar, wai ba ta gane lokacin da mai tsaron raga zai fito. Na ce zan duba, ina da ayyuka.

Na zuba mata shayi a murfin filas. Kusan rabi ya zube a kan tebur. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta sa tawul ɗin nan ta goge.

Fankar ma a kashe take, balle in ce iska ce.