Ranar da Littafin Maharbi na Ƙarshe Ya Fito

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya idanun Inna? Yaya maigidanki da yara?

Ni lafiya lau, har yanzu ina shagon littattafan nan. Ƙafafuna kan kumbura saboda tsayuwa, amma da na huta sai su sauka.

Labarin maharbin nan da ya faɗa ƙasar aljanu, wanda kike karanta wa Inna, littafinsa na ƙarshe ya fito makon jiya. Kafin mu buɗe shago layi ya kai bakin titi. Marubuciyar ta zo da kanta, 'yar tsohuwa mai yawan tari, ta wuni tana sa hannu. Washegari wata mata ta dawo da nata, ta dire min a kan tebur ta ce, "Shekara da shekaru ina jiran ya koma wurin uwarsa, sai a ce ya zauna can?" Na ce mata ni sayarwa ce tawa. Wasu kuma sun ce ƙarshen ya yi daidai. Mai shago dai murna yake yi, tunda masu fushin ma saye suke.

Na ba wani mai zuwa wajenku guda ɗaya ya kawo miki. Hutun bana bai samu ba, an ce sai kasuwa ta lafa. In kin sami mai tahowa, ki aiko min da man zafi.

Kafin ki karanta babin ƙarshe, ki duba yanayin Inna tukuna. In ta matsa da tambaya, ki ce mata maharbin yana hanya.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya yi wa yara albarka.

Yayanki