Na Sauke Ɗakina a Inuwa

Litinin, 13 ga Mayu

Na samu wurin. Wanda kowa ke hari, ƙarƙashin manyan bishiyoyin bakin kogin Verde. Wasu mata da miji suna tattara kayansu ina isowa, ko gama fita ba su yi ba na cusa hancin mota. Bara sau biyu ina zuwa ina tarar da wani a ciki.

Na sauke ɗakin kwanan da nake yawo da shi daga bayan a-kori-kurata, ni kaɗai. Na danna maɓalli, ƙafafun nan huɗu suka sauko suka ɗaga shi, na zare motar daga ƙarƙashinsa, sannan na sauke shi ƙasa-ƙasa don kada iska ta riƙa girgiza shi. Yanzu in gari zan je sai in ja mota kawai, gida yana zaune a inuwa.

Batir a cike, ɗari cif. Firij na aiki, allurar sugata ta wata uku tana ciki a jere. Ita nake fara dubawa da safe, kafin in duba fuskata.

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan ina hanya. Shawna ta ce ko wata biyu ba zan yi ba, 'yar da na haifa da cikina. Tun da suga ya kayar da ni a watan Janairu aka kwantar da ni kwana biyu, ta kafa mini sharaɗi: in wani abu ya sake faruwa za ta hawo jirgi, ta tuƙa ni da kanta har Dayton, in zauna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta kusa da injin wanki. Na ce na ji. Shekara talatin da ɗaya na yi ina dafa wa 'yan makaranta abinci a kicin da babu taga. Ba zan ƙarasa a wani ɗakin marar taga ba.

Talata, 14 ga Mayu

Ashe wurin da abin da ya zo da shi. Wata farar tsohuwar bas a can cikin rana, taku ɗari daga nan, da janareta. Tun ƙarfe shida yake gurnani.

Na haƙura har goma, sannan na taka. Na tsaya a bakin fili kamar yadda ake yi, na ɗaga murya: "Masu gida, mu da muka zo jin kukan tsuntsaye fa? Rana kyauta Allah ya ba mu, sai an ƙona mai?"

Ta leƙo. Tsohuwa ce, za ta ba saba'in baya, da siririn tiyo a hancinta, ya bi ta bayan kunne ya shige cikin motar. Injin iskar numfashi janaretan ke riƙe da shi.

Magana zarar bunu. Na tsaya kamar an dasa ni.

Ta ce, "Sunana Maxine, in ƙara za ki kai." Ta kalli wajen ɗakina ta ce, "Ke ce uwar sola? To kin ajiye farantanki a inuwa, 'yar nan."

Na ce farantaina huɗu ne, na san abin da nake yi. Na juyo. Ban ba ta haƙuri ba, ya kamata, amma bakina ya ƙi.

Laraba, 15 ga Mayu

Batir tamanin da ɗaya. Ba komai.

Juma'a, 17 ga Mayu

Hamsin da takwas da safe.

Na hau tsani na duba. Bishiyoyin nan suna zubar da wani abu kamar auduga, ya haɗu da kashin tsuntsu ya manne a kan farantan. Na wanke tas. Na zauna da kofi na lura da rana: daga sha ɗaya zuwa ɗaya kawai take sauka a rufin, kuma ko a lokacin akwai reshe guda da ke rufe gefen faranti ɗaya. Ni na haɗa su da hannuna, a jere, na san in ɗaya ya shiga inuwa duk sai su yi sanyi. Na sani sarai. Sanyin wurin ne ya ɗauke mini hankali.

Na daina kunna fanka. Waya a mota zan riƙa cajinta. Firij kaɗai zai ci wuta, shi kam dole.

Barin wurin? In na ɗaga yau, kafin in juya wani ya shige. Kuma matar can tana kallo.

Lahadi, 19 ga Mayu

Shawna ta kira, kamar kowace Lahadi.

"Mama, ya suga?" Lafiya. "Firij fa?" Lafiya lau. Na juya mata wayar ta ga kogi, ta ce kai, wurin ya yi kyau. Ta ce sun yi wa ɗakin ƙasa fenti, ruwan ƙwai, "ko da za ki zo hutu." Hutu, wai.

Batir arba'in da ɗaya. Wannan ban juya mata ta gani ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Gobara ta tashi a dajin arewa. Hayaƙi ya rufe sama, rana ta koma ja, kana iya kallonta da ido. 'Yan awa biyun ma sun tafi.

Ashirin da uku. Shi ke nan, gobe da sassafe zan ɗora ɗakin in fita fili. Wanda zai yi dariya ya yi.

Talata, 21 ga Mayu

Glenda, ke fa wawuya ce. Na rubuta don in karanta wata rana.

Na tashi na tarar da tara. Na danna maɓalli, ƙafafun gaba suka ɗaga kamar taƙi ɗaya, suka yi wani nishi, suka tsaya. Fitilar firij ta mutu a gabana. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: ƙafafun ma batirin nan suke ci. Ba zan iya kai ɗakin rana ba sai na ɗora shi a mota, ba zan iya ɗora shi ba sai da wuta, wuta kuma tana rana. Wayar da ke haɗa ɗakin da mota gajera ce, ba ta kaiwa sai yana kanta. Tun jiya ya kamata in ɗaga, ina da ashirin da uku.

Yanzu ɗakin ya karkace, gaba sama baya ƙasa. Kofi na zamewa a kan tebur.

Na kwashe allurar na naɗe a tawul biyu, na ruga garin Cottonwood, mil goma sha bakwai, na sayo ƙanƙara na zuba a kula. Kada ta taɓa ƙanƙarar, in ta daskare ta lalace. Kada ƙanƙarar ta narke, in ta yi zafi ta lalace. Zafi ya kai ɗari da uku yau a ma'aunin Amurka, a inuwa.

Akwai mariƙin juyawa da hannu, na tono shi daga ƙarƙashin gado. Zan ɗaga shi da kaina.

Laraba, 22 ga Mayu

Juyi arba'in yana ɗaga ƙafa ɗaya kaurin yatsa biyu. Ƙafa huɗu, kuma sai an bi su bi da bi, in ba haka ba ɗakin ya kife. Sai ya tashi kusan ƙugu kafin mota ta shiga.

Na yi ɗari uku kafin kafaɗar dama ta ƙi. Na koma hagu. Na yi kuka kaɗan, na haushi, na share na ci gaba.

Gari sau biyu don ƙanƙara. Burodi da man gyaɗa, safe da yamma. Ƙwai da madara na zubar.

Alhamis, 23 ga Mayu

Hannun dama ko kofi ba ya ɗagawa.

Na dawo daga rafi na tarar ƙanƙara ta zama ruwa, tawul ya jiƙe, ruwan ma ba sanyi. Awa nawa, ban sani ba. Suga ɗari biyu da casa'in da yamma. Ko wahala ce, ko allurar da nake kai ce ta mutu. Na ji tsoro. Yau na ji tsoro sosai.

Malamin daji ya zo zagaye, ya duba lambar mota ya ce, "Lahadi kwananki sha huɗu da doka ta yarda ke cika, kin sani ko?" Ya kalli ɗakin a karkace, ya kalle ni. Na ce gyara nake.

Maxine tana zaune a kujerarta a gindin bas, kwana uku ke nan, fuskarta wajena. Ba za ta zo ba. A nan ba a shiga filin mutum sai ya kira, ba a miƙa hannu sai an nema. Ni ma haka zan yi in ni ce. Wannan dokar ita na fi so a rayuwar nan, yau kuma ita ke shaƙe ni.

In na kira Shawna, ɗaki mai ruwan ƙwai. In na bar allurar ta lalace, asibiti, daga nan ɗaki mai ruwan ƙwai.

Juma'a, 24 ga Mayu

Na je. Taku ɗari da sha biyu ne, na ƙirga.

Na tsaya a bakin fili da kula a hannun hagu. Na shirya magana mai tsawo, abin da ya fito shi ne, "Firijinki na da wuri?"

Ta miƙo hannu. Ta fitar da kwalaben lemo, ta jera allurar a tsakiya, ta rufe. Sannan ta ce, "Na yi zaton sai Asabar. Kin ba ni mamaki."

Na ce, "Ranar nan na yi miki rashin kunya." Ta ce, "Kin yi. Zauna, kina tare mini iska."

Shekara talatin da shida tana jan tirela, ta ce babu jihar da ba ta kwana ba. Taba ce ta cinye mata huhu. Ɗanta ma yana da ɗakin ƙasa, nasa a Tulsa. Muka yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Ta matso da bas ɗin gindin ɗakina. Janaretan ƙarami ne, ba ya ɗaukar injinta da cajin batirina lokaci guda. Kafin in gane, ta cire tiyon daga injin ta maƙala a ƙaramar tukunyar iska. Na ga biyu kawai gare ta, na ranar tsautsayi. Na ce a'a, ban yarda ba. Ta ce, "Ke da allurarki, ni da iskata, duk a wuta muke rataye. Jona wayar, kina ɓata mini numfashi."

Awa uku. Tana zaune, leɓenta ya ɗan yi duhu. Ni kuma idona a kan tsinken ma'aunin tukunyar yana sauka, batirina yana hawa. Da ya kai talatin da biyar na zare da kaina. Ta ce in bari ya kai hamsin, na ce ba ta isa ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Ƙafafun sun tashi, duka huɗu, cikin minti uku. Na tsaya ina kallon mariƙin nan da ya kashe mini kafaɗa.

Shigar da mota ƙarƙashin ɗakin da ribas yakan ci mini awa guda. Maxine ta tsaya a baya, tukunya a rataye. "Hagu kaɗan. Kaɗan na ce, ba gona kike nomawa ba. Wa ya koya miki tuƙi, fasto?" Sau ɗaya muka shiga.

Na fito fili. Hayaƙi ya yi sauƙi, kafin la'asar batir saba'in da biyu. Ban kai ga kashe mota ba wasu samari suka shige inuwar da ɗakinsu na ja da mota, farantai shida a kai. Na buɗe baki, na rufe. Ba a tambaye ni ba.

Na je gari na cika mata tukunyar, na nuna wa mai kemis allurar. Wadda nake kai ya ce in jefar, sauran in gwada in riƙa aunawa. Na buɗe sabuwa. Suga ɗari da arba'in kafin abincin yamma.

Lahadi, 26 ga Mayu

Shawna ta kira. "Mama, ya firij?"

Na yi niyyar in ce lafiya, tun da yanzu lafiyar ce. Sai na ji ina ba ta labari, tun daga inuwar har tukunyar iska. Ina ga gajiya ce.

 Na ce in jirgi za ta nema, ta sani ba zan buɗe ƙofa ba. Ta ce, "Ba ni matar."

Sun fi minti ashirin. Maxine ta juya mini baya, abin da na tsinta kawai, "taurin kai kam akwai," da kuma "a'a, ba ta kai nan ba tukuna." Da ta miƙo mini wayar muryar Shawna ta canja. Ta ce, "Mama, ni ba ɗakin ne ya dame ni ba. In na kira ba ki ɗauka ba, ban san wa zan kira ba. Wata goma sha huɗu ban san wa zan kira ba."

 Na ce ta riƙe lambar Maxine. Lambar ɗan Maxine na Tulsa kuma tana wayata yanzu, ita ta sa da kanta, ban hana ba.

Ba ta sake zancen jirgi ba.

Kwanakina sun cika. Maxine za ta hau wajen garin Williams, can ya fi sanyi, da fili babu bishiya. Dama can nake da niyya, ko kusa da can. Janaretan dai yana da ƙara, wannan ba zan fasa faɗa ba. Ta ce ƙarfe biyu za ta tashi, na gama ɗaure kaya tun sha biyu.