Teburin Inna da Ƙarfen Mai Walda

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka, Ya raba ka da ciwon bayan da kake fama da shi, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da gwiwarta, yau ta taka gobe ta ƙi, mai ɗakina ta warware daga zazzaɓi, yara kuma suna ta karatu. In ka ga rubutuna kamar kaza ta yi tono, kada ka yi mamaki, da hagu nake yi. Hannun dama yana cikin ɗori. Na san ƙanwarmu Auta ta riga ta buga maka waya tana kuka wai na kusa kashe mata miji, to ga nawa bayanin.

Ka tuna maɗacin da Baba ya dasa a bakin rijiya, wanda guguwa ta kayar. Ni na hana a faskara shi a kai murhu. Na kai aka tsaga, na jera katakon a inuwa har ya bushe, da na ware mai tsutsa sai abin da ya rage bai wuce na tebur ɗaya ba. Na ce Inna zan yi wa, gajere na gaban kujera, yadda za ta ɗora shayinta ba sai ta sunkuya ba. Ƙafafu masu kauri miƙaƙƙu, siraran sanduna a jere ta gefe, durowa biyu na magani da tabarau, babu zane babu ƙyale-ƙyale. Ko ƙusa ɗaya ban sa ba. Rami na sassaƙa, kan katako ya shige ya ɓullo ta bayan ƙafa, na datse shi da turken itace. Saman kuwa ban ɗaure shi tam ba, ƴan harsunan katako na sa ta ƙasa suka riƙe shi, domin katako numfashi yake yi: da damina ya buɗe, da rani ya tsuke. Ka san ni Yaya, ba a aji aka koya mini wannan ba, da hannuna na haƙo shi har na kafa shagon da nake taƙama da shi.

Ranar da na kai teburin, Mai Walda mijin Auta yana ɗakin ya zo gaida Inna. Ya dafa saman ya ji yana ɗan motsi, sai ya tuntsire da dariya, wai kafinta ya yi wa uwarsa rowar ƙusa. A gaban Inna na gaya masa ya tsaya a kan ƙofofin ƙarfensa, kada hannunsa ya sake taɓa teburin nan. Ashe bai ji ba. Ina tafiya wani aiki na kafa tagogi a bayan gari, sai ya ɗauko ƙarfe ya yi masa firam ta ƙasa, ya huda katakon Baba da injin huji, ya ɗaure shi da noti ta kowane gefe. Wai taimako ya yi. Rani na kamawa katako ya nemi tsukewa, ƙarfe ya ce bai san zancen ba. Wata rana da azahar saman ya tsage da ƙara kamar an harba bindiga, Inna ta firgita ta saki kofi, tafasasshen shayi ya sale mata ƙafa.

A ranar na dawo. Na ga ƙafar Inna ta yi bororo, na ga tsaga ta ci fiye da rabin teburin, na leƙa ƙasa na ga baƙin ƙarfe. Ban cire takalmi ba na ɗauki gudumata ta katako na nufi shagonsa. Wallahi da niyyar magana na je. Na same shi tsugune yana liƙa wata ƙofa, na ce ya tashi ya zo ya ga ɓarnarsa. Sai ya ɗaga gilashin fuskarsa yana murmushi, ya ce ai itacen dama ruɓaɓɓe ne tun daga saiwa. Itacen Baba, Yaya! Ban san sanda guduma ta tashi ba. A muƙamuƙi na same shi, na ji ƙas kamar an karya busasshen reshe, haƙora da jini suka watsu a kan ƙofar da yake liƙawa.

Na ɗauka ya faɗi ke nan, ashe ƙato ne. Ya rarumo rodi ya kawo mini duka a ka, na tare da hannu, rodin ya sauka a wuyan hannuna, na ga tafin ya juya inda Allah bai halicce shi ba. Na kai masa karo a ciki, muka zube cikin tarkacen ƙarfe muna birgima. Kafaɗata ta hau kan ƙarfen da bai huce ba, har na ji ƙaurin namana. Ya danne ƙirjina da gwiwa yana shaƙe ni, jinin bakinsa yana ɗiga a idona, ni kuma na cafki gashinsa da hagu ina buga kansa da ƙofa. Mai faci da mai shayi suka yi ta ja suka kasa, sai da aka sheƙa mana bokitin ruwan da yake tsoma ƙarfe a ciki, maza suka taru suka ɓamɓare mu. A mota ɗaya aka kwashe mu zuwa asibiti, muna kwance kafaɗa da kafaɗa muna harara. Shi aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya, sai ruwa-ruwa yake zuƙa ta tsinke, ko a'a ba ya iya cewa. Ni aka ɗora ni.

Da muka fito Inna ta sa aka kira mu. Ban gama sallama ba ta zabga mini sandarta a kafaɗar da ba ta ƙone ba, ta juya ta zabga masa a ƙwauri. Ta ce itacen mijinta ne, ba nawa ba, ba nasa ba, kuma ga tsaga tana ƙara tafiya kullum tunda ƙarfen yana nan. Gaskiyarta, kafin hannuna ya iya riƙe cizal ɗin sassaƙa teburin zai rabe biyu, kuma babu sauran katakon. Ta dube mu ta ce ga mai baki ba hannu, ga mai hannu ba baki, in an haɗa mu wataƙila a samu mutum guda. Ta rantse wanda ya ƙi, kada ya sake taka ɗakinta.

Don haka yanzu kullum da safe Mai Walda yana shagona. Da hannunsa ya kwance ƙarfensa, ni ina zaune a kansa. Na sa shi sassaƙa ƙananan katakai masu faɗin kai da siririn ƙugu, waɗanda ake nutsawa a gicciye su kame tsaga. Ya lalata guntaye sun fi cikin kwando, ina ta surfa masa masifa, shi kuwa sai dai idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya riƙe cizal kamar zai soka mini. Jiya ya buga na farko a jikin teburin, ya zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba, tsagar ta tsaya cak. Na ce masa ba laifi. Ban ƙara ko kalma a kai ba, kada kansa ya kumbura.

Abin da nake roƙo, ka kira Auta ka ce ta daina ɗauke kai in ta gan ni. Mijinta yana raye, har sana'a yake koya. Ka kuma taya mu da addu'a mu gama kafin a cire masa wayar nan, domin na ga alama ya tara magana.

Ka gaida Yaya mai ɗakinka, da babban yaronka da ƙannensa, da takwarar Inna. Inna tana sa maka albarka, ƙafarta ta fara bushewa. Mai ɗakina da yara suna gaisuwa.

Ƙaninka,
Kafinta