Waƙafi Kawai Aka Ce In Duba

Rusholme, Manchester
9 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga uwargidana Raki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aikin asibiti, ya sanyin Birmingham, ya kuma Hajiya Sherifatu mai masaukinki? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarki da ta cika gidan. Allah ya sa watanni shidan nan na horo su wuce da sauri.

Na san za ki ce mai waya a aljihu me ya kai shi gidan waya. To, kullum na kira kina wajen marasa lafiya, in kuma na same ki ba kya barina in kai ƙarshen magana. Takarda kuwa ba ta katse ni.

'Yarmu Umaima ta fara zuwa jami'a. Tun da a tsaye kika sa hannu a takardar izinin kina saurin kama jirgin ƙasa, bari in sake yi miki bayani. Kowace Laraba da rana tana barin makarantarsu, ta hau bas a Wilmslow Road, ta je ta zauna da 'yan ajin farko na jami'a a darasin labarin ƙasa. Yara goma sha biyu kacal aka ɗauka daga 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Duk wanda ya ci maki sittin a kwas ɗin, za a sassauta masa sakamakon jarrabawar gama sakandare, wato A-level, da ake nema kafin a ba shi gurbi baɗi. Kin san yadda lissafi ke wahalar da ita, don haka wannan sittin ɗin ita ce hanyarta.

Na ɗan faɗa wa mutum biyu uku a masallaci. Yanzu har mutanen unguwar Longsight suna tare ni suna yi mini barka. Ban ce ta gama sakandare ba, amma kuma ba wanda ya tambaye ni.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne fannina ta ɗauka. Shekara goma sha huɗu ina koyar da labarin ƙasa kafin mu zo nan neman digiri na uku, ga shi jini ya yi halinsa. Malaminsu ne dai bai kwanta mini ba. Sunansa Ethan, na hango shi ranar da na raka ta, da gajeren wando a cikin wannan sanyin. Ɗalibai kuma sunansa suke kira gatsal. Ni a ajina ɗalibi ya ce mini Sha'aban, sai dai ya nemi wani sashen.

Gargaɗinki cewa kada in sa hannu a aikinta yana nan a raina. Ban ma ga dalilin maimaita shi sau uku a tasha ba.

Miyar da kika bari ta ƙare tun ranar Asabar. Muna nan muna maneji.

Naki har kullum,
Sha'aban Sanda

14 ga Nuwamba, 2024

Raki tawa,

Sallama da gaisuwa. Ina fata murar ta sake ki, kuma kina cin abinci a kan lokaci. Ki gaishe da Hajiya, ki ce yajin da ta aiko ya iso.

Raina a ɓace yake. An dawo wa Umaima da maƙalarta ta farko, wadda aka ce su rubuta a kan dalilin ambaliya a birane, an ba ta arba'in da takwas. Maƙalar nan na karanta ta ciki da bai, kuma ina gaya miki ko a ajin ƙarshe na jami'a aka kawo mini ita, saba'in da biyar zan bayar ba tare da na ɗaga kai ba. Tana da gabatarwa shafi biyu. An fayyace ma'anar birni, an fayyace ma'anar ambaliya, har ma'anar ruwa an kawo daga masana uku. Amma mai gajeren wando ya rubuta a gefe wai an kai shafi na huɗu ba a taɓa tambayar ba. Wai kuma ba ya jin muryar marubuciyar. Murya a takarda, Raki. Waƙa aka ce ta yi?

Za ki tambaya ya aka yi na san maƙalar haka. Ranar da za a miƙa ta, Umaima ta makara, ta bar mini kwamfutarta a buɗe, ta ce in duba mata waƙafi da aya, in tura kafin sha biyun rana. Na duba. A wajen dubawar na ga wasu 'yan wurare da ke neman a ɗan tallafa musu, kamar yadda kowane uba zai gani. Ba wani abu ba ne.

Tun da sakamakon ya fito ba ta cika magana ba. Ina jin girman 'yan mata ne.

Af, kafin in manta. A aljihun murfin akwatinki akwai wata mujalla mai koren bango, ta tsangayarmu a jami'ar gida, fitowar 2009. Ni na sa miki ita ranar tafiya, ko da za ki haɗu da wani farfesa a jami'ar nan ta Edgbaston hira ta kawo maganata. Ita kaɗai ce kwafin da ya rage mini. Ki turo mini ita gobe ta gidan waya da rajista. Ba gaggawa ba ce, amma dai ta iso kafin Laraba.

Mijinki,
Sha'aban

17 ga Nuwamba, 2024

Maman Umaima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ina kuma fata fushin ya ɗan sauka. Mujalla ta iso tare da takardarki mai layi biyu. Na lura ba ki tambayi lafiyata ba, amma lafiyata ƙalau. Na kuma lura da zagayen manja a bangon mujallar, daidai girman gindin tukunya. Ba zan ce komai ba, domin yau ba ni da bakin magana.

Kin ce in faɗa miki gaskiya duka. Ga ta.

Maƙalar da Umaima ta rubuta shafi biyar ce. Wadda na tura shafi tara ce. Abin da ya rage nata a ciki shi ne sunanta, lambarta, da wata jimla guda a ƙarshe da na ga ba laifi. Wallahi da niyyar waƙafi na zauna. Sai na ga yarinya ta faɗa cikin hujja tun layin farko, ko sallama babu, na ce bari in yi mata 'yar gabatarwa. Gabatarwar ta ja ma'anoni, ma'anonin suka ja masana. Da na zo kan masana kuwa, kin san akwai binciken da na yi a kan magudanan ruwa a unguwannin Gusau. Na ga rashin adalci ne a yi zancen ambaliya a tsallake shi. Sau shida na kawo shi: Sanda, 2009.

Matsalar ita ce mujallarmu ba ta taɓa hawa intanet ba. Kwafi ɗari biyu aka buga, rabi gara ta cinye a ofishin shugaban sashe. Ethan ya nemi Sanda 2009 sama da ƙasa bai samu ba. Sunanta kuma Umaima Sha'aban, bai ga abin da zai haɗa ta da wani Sanda ba. Sai ya yanke cewa ko dai manhajar nan mai rubuta wa yara aiki ce ta ƙirƙiro mata masanin ƙarya, ko ita ta ƙirƙira. Ki duba fa. Wata tara na yi ina shiga kwata da ma'auni, yau an ce babu ni.

An kira ta gaban kwamiti ranar Laraba. In sun tabbatar da ƙirƙira, za a cire ta daga kwas ɗin, a kuma rubuta wa makarantarsu, wadda ita ce za ta ba da shaidar halinta ga kowace jami'a.

Niyyata ta farko ita ce in ba ta mujallar ta kai musu, su ga Sanda na nan da ransa, magana ta mutu. Jiya na miƙa mata. Ta juya ta, ta ce ko da sun yarda da mujallar, tambaya ta gaba ita ce wa ya rubuta maƙalar, kuma ta riga ta gaya wa Ethan ita ta rubuta. Na ce don me. Ta ce don in aka ji ɗalibin digiri na uku yana rubuta wa wani aiki, ba ta san me tawa jami'ar za ta yi mini ba, ita kuwa yarinya ce, za ta iya sake shekara. Da Turancinta na Manchester ta faɗi haka, tana wanke kofi, ko kallona ba ta yi ba.

Raki, ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Yarinyar da na goya a kafaɗa tana shirin zubar da shekara guda don ta rufa mini asiri, ni kuma ina nan ina jin haushin arba'in da takwas.

Ranar Laraba tare za mu tafi. Ki sa mu a addu'a, ko da ba kya yi mini magana.

Mai laifi,
Sha'aban

12 ga Disamba, 2024

Zuwa ga Raki, sanyin idona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gajiyar aiki, ya Hajiya da iyalinta? Na gode da kiran da kika yi bayan kwamiti. Minti arba'in kika yi, ni na samu na ce na'am sau biyu, shi ya sa nake rubuto miki yadda abin ya kasance, da abin da ya biyo baya.

Na sa babbar rigata mai ruwan toka, domin in za a kunyata mutum gara a kunyata shi da shigarsa. Mutum uku ne a ɗakin: wata dattijuwar farfesa, wata mai rubuta bayani, da Ethan, wanda ya girmama ranar ya sa dogon wando. Kafin su buɗe baki na ajiye mujallar a kan tebur, na juya gefen manjan ƙasa, na ce ni ne Sanda 2009, kuma ni na rubuta maƙalar, yarinya waƙafi kawai ta ce in duba.

Ethan ya yi jajir har kunnuwa, ya fara ba ni haƙuri a kan abin da ya rubuta a gefe. Ban haƙurin ya fi makin ciwo. Farfesar ta tambayi shekara nawa na yi ina koyarwa, na faɗa, ta cire tabarau ta goge shi tsawon lokaci. Na yi amfani da damar na nuna musu cewa ma'anar ruwa tana da muhimmanci. Umaima ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Allah ya taimake mu, kwamfutar ta adana asalin shafi biyar ɗinta da lokacin da aka sauya su, ƙarfe tara da rabi zuwa sha biyu saura, alhali tana aji. Suka soke maƙalar. Suka yi mata faɗa a kan cewa da ta yi nata ne, suka ce ta zo bayan mako biyu ta rubuta sabuwa a gabansu cikin awa uku. Ni kuma farfesar ta ce wannan karon za ta ɗauke ni a matsayin uba, ba ɗalibi ba, amma kada in sake kusantar kwamfutar yarinyar. Hukuncin bai bambanta da naki ba, illa ita sau ɗaya ta faɗa.

A makonni biyun nan na yi abin da ban taɓa yi ba, wato shiru. Ina dafa taliya, ina kai mata shayi, in fito. Sau ɗaya na tsaya a bakin ƙofa ina leƙen allon, ta rufe shi a hankali ba tare da ta juyo ba. Ana saura kwana uku ta ce in ara mata mujallar. Na ɗauka tukunya za ta ɗora.

Jiya sakamako ya fito. Sittin da bakwai, Raki. Ta zarce abin da ake nema, tana nan a kwas ɗinta, ba kuma abin da za a rubuta wa makaranta. Na yi sujada a kicin.

Da yamma ta ajiye mini kwafin maƙalar kusa da farantina. Babu gabatarwa, babu ma'anar komai. A shafi na uku sai ga sunana. Ta rubuta cewa Sanda ya ɗora laifin ambaliya a kan mazauna da ke zuba shara a magudana, amma jadawalinsa na shafi na sha ɗaya ya nuna unguwanni ukun da ruwa ya fi ci ba su da magudana ko ɗaya da za a zuba wa shara. Don haka, in ji ta, alƙaluman suna da kyau, amma marubucin bai saurare su ba. Ethan ya ja layi a ƙarƙashin wurin ya rubuta cewa nan ne maƙalar ta fi ƙarfi.

Na tashi a fusace na ɗauko mujallar don in nuna mata kuskurenta. Na buɗe shafi na sha ɗaya. Na karanta sau uku, har da yatsa. Gaskiyarta ce.

Da wannan takardar aka ƙara mini girma a wurin aiki. Editoci biyu sun sa mata hannu, shugaban sashe ya yabe ta a taro, na rarraba ta ga abokai da surukai. A cikin shekara goma sha biyar ba wanda ya kai shafi na sha ɗaya, sai 'yata, ita ma don ta ƙaryata ni. Na zauna a kujera hawaye na zuba cikin taliya, ban san na haushi ba ne ko na murna. Ta zo ta dafa kafaɗata, ta ce in ina so, Asabar za mu zauna mu gyara ƙarshen takardar tawa tare.

Na ce mata zan duba ko ina da lokaci. Na riga na sayo jan biro, na ajiye a gefenta na tebur.

Ki gaishe da Hajiya. Maganar nan kuma ta tsaya tsakaninmu, kada ta kai masallaci.

Mijinki mai ƙaunarki,
Sha'aban Sanda